Yadda ake gano matsalar inbatar moto a injinan shinkafa da famfunan ban ruwa

A masana'antun sarrafa shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, da ƙananan injinan casa na Jega da Kamba da Yauri, da famfunan ban ruwa na fadama, ana ƙara samun moto mai fes uku wanda ba a haɗa shi kai tsaye da kwantakta ba, wato babban makunnin da ke ba moto wuta, sai ta cikin inbata mai sarrafa gudunsa, wadda masu sayarwa ke kira VFD. Idan ta yanke tana tsakiyar aiki, abin da aka fi yi shi ne a danna riset sau biyar ko shida, in ta ƙi a ce ta lalace, a aika Kano ko Legas a sayo wata. Sabuwar kuma ta zo ta yanke a daidai inda tsohuwar ta yanke. Dalili shi ne mafi yawan lokaci inbata ba ita ce mai laifin ba, tana ba da rahoton abin da ta gani ne a wutar da ke shigo mata, ko a waya, ko a moto, ko a kayan da moton ke juyawa. Aikin mai gyara shi ne ya raba waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, da mita a hannu, har ya tsaya kan wanda ya ɓaci.

Sai ka san abin da ke cikinta kafin ka fahimci abin da take faɗa. Wutar fes uku tana shiga ta R, S, T, a wasu L1, L2, L3. Dayod shida suna mayar da ita DC, wato wuta mai tafiya ta hanya ɗaya, manyan kafasita suna tara ta kamar yadda tankin sama ke tara ruwa kafin a raba wa famfuna, sannan makunnai shida da ake kira IGBT suna yanka ta sau dubbai a sakan ɗaya su fitar da ita ta U, V, W zuwa moto, a kan gudun da aka nema. Akwai ƙaramar rasista da rile da ke hana kafasita zuƙar wuta da yawa lokacin kunnawa, akwai fanka, akwai katin da ke sarrafa komai. Kusan kowace lambar matsala tana komawa ga ɗaya daga cikin waɗannan.

Kafin ka taɓa komai

Kashe bireka, ka sa mata kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Ka duba canja-layin janareta ma, domin a wuraren da wuta ke ɗaukewa ana kawowa, yaro zai iya tayar da janareta kana ciki. Bayan haka ka jira minti 10, a manyan inbatoci minti 15. Mutuwar allon gaba ba ta nufin kafasita sun sauke. A layin bolt 415 suna riƙe da kusan bolt 580 na DC, kuma wannan yana kisa. Sa mita a DC, ka auna tsakanin bakin da aka rubuta wa alamar tarawa da na alamar ɗebewa, a wasu P da N. Sai ka ga ya sauka ƙasa da bolt 50 sannan ka sa hannu. Mitar ta zama mai alamar CAT III ta bolt 1000, kuma ka fara gwada ta a soket mai wuta don ka tabbata tana aiki.

Idan inbatar famfon sola ce, kashe bireka ta gefen moto bai yi komai ba. Muddin rana na dukan faifan sola, akwai ɗaruruwan bolt na DC a waya. Tsayar da famfon, ka buɗe makunnin DC, sannan ka auna.

Karanta abin da ta rubuta, kuma ka tambayi mai injin

Kada ka bari a danna riset kafin ka rubuta lambar da ke allo. Ka shiga tarihin matsaloli ka kwafe uku ko biyar na baya. Inbatoci da yawa suna ajiye amfiya da hez, wanda shi ke nuna gudun da suke ba moto, da ƙarfin DC na daidai lokacin da suka yanke, kuma wannan shi ne rabin aikin.

Kamfanoni sun bambanta a rubutu amma ma'ana ɗaya ce. Amfiya ta yi yawa: INVT tana rubuta OC1 idan a tashi ne, OC2 idan a rage gudu ne, OC3 idan tana tsakiyar tafiya, Schneider tana rubuta OCF, Siemens Micromaster F0001. Ƙarfin DC ya haura: OV, ko OSF da ObF, ko F0002. Ya yi ƙasa: UV, ko Lv a Delta, ko USF, ko F0003. Zafi: OH, OHF, F0004. Nauyi ya yi wa moto yawa: OL1 ko OLF. Fes ya ɓata a shiga: SPI ko PHF, a fita kuma SPO ko OPF. Wuta na zuba ƙasa: GF ko GFF. Littafin da ya zo da inbatar shi ne alƙali, saboda haka kada a jefar da shi tare da kwali.

Daga nan ka nemi wanda ke tsaye kan injin, ka tambaye shi cikin ladabi, domin idan ya ji kana neman ɗora masa laifi ba zai faɗa maka gaskiya ba. "Malam, da wane lokaci take yankewa, da safe ko da azahar? A wutar gari ko a janareta? Da zarar an kunna, ko sai an zuba shinkafa? An canza bel ko an kai moton rewayin, wato sake naɗin waya, kwanan nan? An yi ruwa jiya?" Inbatar da ke yankewa da ƙarfe biyu na rana kullum tana nuna zafi. Wadda ke yankewa duk lokacin da aka tayar da babban moton da ke kusa da ita tana nuna faɗuwar wuta. Wadda ta fara bayan ruwan farko tana nuna danshi a waya ko a akwatin moto.

Kafin ka fito da mita ma, yi amfani da ido da hanci. Warin ƙuna, baƙi a bakin waya, kafasitar da ta kumbura ko ta tsiyaye, ƙadangare ko tsaka da ta mutu a kan ƙarafan wuta, gidan zanzaro a ramin iska, wayar da ɓera ya ci. A ɗakin da ake ajiye shinkafa ɓera ba baƙo ba ne, kuma ƙananan wayoyin sarrafawa ya fi so. Ka bi kowane noti na R, S, T da U, V, W ka ja shi. Girgizar inji tana sassauta su, sassautaccen noti yana zafi, zafi yana ƙara sassauta shi.

Wutar da ke shigowa

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin a yankinmu daga nan yawancin matsalolin ke fitowa. Mayar da wuta, ka auna R da S, S da T, R da T, sau biyu: inji na tsaye, da kuma yana ɗauke da kaya. Inbatar ajin bolt 400 galibi tana karɓar daga 380 zuwa 440 ko 480, gwargwadon samfuri, da ɗan rangwame sama da ƙasa. Abin da ya fi yawan bolt muhimmanci shi ne daidaiton fes ukun. Misali ka sami 410, 405 da 385. Matsakaicinsu 400 ne, wanda ya fi nisa da shi ya kauce da 15, wato kashi 3.75 cikin 100. Duk abin da ya wuce kashi 2 zuwa 3 matsala ce. Dayod suna jan wuta ne daga fes ɗin da ya fi ƙarfi, saboda haka ɗan bambancin bolt yana zama babban bambancin amfiya, wasu dayod su yi ta ɗaukar nauyin da ya kamata a raba, kafasita kuma su yi ta zafi. Ka maƙala mitar amfiya a kowace waya ta shiga ka gani da idonka.

Idan fes ɗaya ya ɓata gaba ɗaya, ko fis ya yanke a taransifoma, ko haƙori ɗaya na canja-layi ya ƙone, inbata za ta iya kunnuwa har ta juya moto babu kaya. Sai an zuba kaya ta yanke da SPI ko UV. Wasu masu gyara suna shiga saiti su kashe kariyar ɓatan fes don aiki ya ci gaba. Wannan sayen awa biyu ne da kuɗin inbata guda. A nemo inda fes ɗin ya yanke, daga bireka a koma baya har zuwa taransifoma.

Yanzu auna DC, ko ka karanta shi a allo. Ba kaya, zai kai kusan bolt ɗin layi sau 1.41; da kaya, kusan sau 1.35. Layin 400 zai ba ka tsakanin 540 da 565, layin 415 tsakanin 560 da 585. Idan allo na nuna adadi daban da na mitarka da nisa, sashen aunawa na inbatar ne ya ɓaci, kuma zai riƙa yanke ta a banza. Idan layi lafiya lau amma DC yana zubewa da zarar moto ya ɗauki kaya, zargi biyu ne: kafasita sun tsufa, ko rilen nan na kunnawa bai kama ba. Saurara lokacin da aka ba ta wuta, bayan sakan ɗaya ko biyu ya kamata ka ji ƙarar kamawarsa. In bai kama ba, duk amfiyar moto za ta bi ta ƙaramar rasista, ta yi zafi ta ƙone. Abin da ke kashe wannan rasista da wuri shi ne kunna inbata da kashe ta da bireka ko kwantakta sau da yawa a jere. A tayar da moto a tsayar da shi ta maɓallin inbatar, a bar wutar shiga a kunne. Idan an ɗauke wuta za a koma janareta, a ba ta minti ɗaya ko biyu kafin a mayar mata.

Janareta yana da nasa hali. Idan ya yi ƙanƙanta, tayar da wani babban moto kai tsaye, wanda ke jan ninki shida zuwa bakwai na amfiyarsa a farko, yana durƙusar da bolt na ɗan lokaci, inbata ta ga UV ta yanke. A tsara tayar da manyan moto ɗaya bayan ɗaya, mafi girma a farko. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce janareta ya ninka girman inbata sau ɗaya da rabi zuwa biyu, domin yadda take jan wuta a dunƙule yana rikita na'urar daidaita bolt ta janareta. Sa cok, wato naɗin waya da ke sassauta bugun amfiya, na kashi 3 cikin 100 a gefen shiga yana rage wannan, yana kuma kare dayod daga bugun wuta lokacin da aka dawo da ita. A damina, wurin da layinsa ya yi tafiya mai nisa a sarari yana buƙatar na'urar kare tsawa a babban fanel, tare da atin mai kyau, wato haɗin da ke kai wuta cikin ƙasa.

OV kuma tana da hanya biyu. Idan tana zuwa inji na tsaye, musamman cikin dare lokacin da jama'a suka rage amfani da wuta, layin ne ya haura. Ka auna a wannan lokacin. Idan tana zuwa ne lokacin tsayawa, moton ne ke mayar da wuta baya. Babbar bulowar ƙaiƙayi ko fanka mai nauyi ba ta tsayawa nan take, tana ci gaba da juya moton, shi kuma ya zama janareta ya cika kafasita har kusan bolt 800, inda inbatar ajin 400 ke yankewa. Magani mafi sauƙi shi ne a tsawaita lokacin rage gudu, daga sakan 10 zuwa 30 ko 60, ko a saita ta saki moton ya tsaya da kansa. In dole ne ya tsaya da sauri, sai rasistar birki, wadda ke mayar da rarar wutar zafi. Idan akwai ta amma ana samun OV, cire ta ka auna om ɗinta, wataƙila ta yanke. Kada a sa wadda om ɗinta ya gaza mafi ƙarancin da littafi ya faɗa, za ta ƙona makunnin birki.

Zafi da ƙura

Yawancin inbatoci an yi su ne su ba da cikakken ƙarfinsu har zuwa digiri 40 na iskar da ke kewaye da su. Daga nan sai a riƙa rage musu nauyi, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kan kowane digiri, har zuwa 50. A Kebbi daga Maris zuwa Mayu iskar waje kanta tana wuce 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano. Ita ma inbatar tana fitar da zafin da ya kai kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinta, wato mai kilowat 30 tana zuba kusan wat 900 a cikin akwatin. Idan babu hanyar fitarsa, zai taru.

Ka sa ma'aunin zafi a cikin fanel, ƙofa a rufe, ka karanta da azahar. Ka duba ko fankar inbatar na juyawa da ƙarfi. Fanka kayan canji ce, bayan shekara uku zuwa biyar ana sa ran ta gaji, a ƙura kuma ba ta kai haka. Ƙurar dusa da ƙaiƙayi, ga ta hunturu a kai, tana toshe tsakanin haƙoran alminiyam ɗin baya har iska ta kasa wucewa. Kashe wuta, ka riƙe fiffiken fanka kada ya yi ta gudu a banza, ka hure da busasshiyar iska daga ƙasa zuwa sama. Idan kwamfuresa za ka yi amfani da ita, fara zubar da ruwan tankinta. A bar aƙalla santimita 10 sama da ƙasan ƙaramar inbata, manya sun fi haka, kuma kada a ɗora wata a saman wata ta riƙa shaƙar zafin 'yar'uwarta. Buɗe ƙofar fanel a kafa masa fankar ɗaki yana fitar da mutum kunya na yini ɗaya, amma a injin shinkafa yana cika katin da ƙura, ƙurar kuma ta sha danshi a damina ta zama hanyar wuta. Gyaran gaskiya shi ne fanka mai tace iska a ƙasan ƙofa da mafita a sama, a riƙa wanke matacin duk mako lokacin aiki. Rage saurin yankan IGBT daga kilohez 8 zuwa 4 ma yana rage zafi sosai, sai dai moto zai ƙara ƙara kaɗan. Wannan duk ya cancanci wahalar, domin ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu.

Idan amfiya ce ta yi yawa

Fara da abin da ba na wuta ba. Kashe, ka cire bel ko ka kwance haɗin, ka juya moton da hannu, ka juya injin da hannu. Boris da ya ci, dutse ko ƙarfe a cikin injin casa, lifta mai bokitai da aka tsayar cike da shinkafa, yashi a cikin famfo, duk suna bayyana a allo a matsayin OC ko OL. Bel da aka ɗaure fiye da kima ma yana ƙara amfiya yana kashe boris.

Sannan ka kwatanta farantin bayanin moto da abin da aka shigar a saiti: kilowat, bolt, amfiya, hez, da juyi a minti. A bolt 400, moto yana jan kusan amfiya 2 a kan kowane kilowat: mai 7.5 kusan 15, mai 22 kusan 41, mai 30 kusan 56. Idan moto na jan abin da ya wuce farantinsa, kaya ne suka yi yawa, a rage zubi. Ɗaga adadin amfiya a saiti don ta daina yankewa cire wa moto kariya ne, ƙarshensa wurin mai rewayin. Ka duba haɗin cikin akwatin moto, wanda iri biyu ne, sita da delta: mai 400/690 ana haɗa shi delta a layinmu, mai 230/400 kuma sita. In aka haɗa na farko sita, ba zai yi ƙarfi ba. In aka haɗa na biyu delta, zai ja amfiya mai yawa ya yi zafi nan da nan.

OC a lokacin tashi sau da yawa gajeren lokacin hawa ne. Ka mayar da shi sakan 20 ko 30 ka gani. Idan ana kunna bulowa tana kan juyawa, a kunna saitin da ke kama moto yana gudu. A famfo da fanka kuma a yi hattara da wuce hez 50: ƙarfin da suke buƙata yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu, saboda haka hez 55 yana neman ƙarin kusan kashi 33 cikin 100. A ɗaya gefen, moton da ke yini ƙasa da hez 25 da cikakken kaya ba ya samun iska daga fankarsa, sai an ƙara masa fanka mai wutarta daban.

Abu biyu ba sa zama tsakanin inbata da moto: kafasitar gyaran wuta, da kwantaktar da za ta buɗe ko ta rufe moto na gudu. Idan an mayar da tsohon fanel na sita-delta zuwa inbata, a bi waya a tabbata an cire su.

In duk wannan lafiya, sai gwajin moto da waya. Cire U, V, W daga jikin inbata tukuna. Mega, na'urar da ke auna lafiyar rufin waya da babban bolt, ba a haɗa ta da inbata, bolt ɗinta zai huda IGBT da katin. Sa mega a bolt 500, ka auna kowace waya da ƙasa na minti ɗaya. Lafiyayyen moto yana ba da megom ɗari ko fiye, megom ɗaya kuwa om miliyan ne. Ƙasa da 5 abin damuwa ne, ƙasa da 1 kada a kunna. Idan ya yi ƙasa, kwance wayar daga moton ka auna kowanne daban, domin sau da yawa waya ce ta goge a bakin bututu, ko ruwa ya shiga akwatin moto. A famfon rijiyar burtsatse, mahaɗar wayar da ke cikin ruwa ita ce wurin farko da za a zarga. Ka tuna zafi yana rage adadin, kusan rabi a kan kowane digiri 10, saboda haka moto mai zafi da mai sanyi ba za su ba da lamba ɗaya ba. Bayan gwaji ka haɗa wayar da ƙasa don ta sauke wutar da mega ta bari. Moton da danshi ne kawai ya kama shi ana busar da shi a hankali, zafin bai wuce digiri 90 ba, ana aunawa lokaci-lokaci har adadin ya hau ya tsaya.

Cire ƙarafan haɗi na akwatin moto ka auna om na koyil uku: U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2. Kada su bambanta da fiye da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A babban moto adadin bai kai om ɗaya ba, mitar hannu ba za ta nuna bambancin da kyau ba, kuma mega ba ta ganin haɗewar zagaye da zagaye a cikin koyil ɗaya. Ga dabarar da ke raba gardama. Kunna, ka auna amfiyar wayoyi uku na fita, ka lura da wadda ta fi. Kashe, ka jira kafasita su sauke, ka matsar da duka ukun gaba da mataki ɗaya: ta U ta koma V, ta V ta koma W, ta W ta koma U. Juyin moto ba zai canza ba. Idan yawan amfiyar ya bi wayar zuwa sabon wurinta, laifin moto ne ko waya. Idan ya tsaya a bakin da yake, inbatar ce.

Doguwar waya ma tana kawo OC ko GF na ƙarya. Idan ta wuce mita 50 zuwa 100, kamar a famfon da ke can bakin gulbi, a rage saurin yankan IGBT a sa cok a gefen fita. Bireka mai gano zubar wuta ta miliamfiya 30 irin ta gida ba ta zama lafiya da inbata, za ta yi ta faɗuwa. Nau'in B ake sa mata.

Gwajin inbatar kanta

Wuta a kashe, DC ya sauka, an cire wayoyin shiga da na fita. Sa mita a alamar dayod. Ɗora baƙar wayar mita a bakin DC mai alamar tarawa, ka taɓa R, S, T da ja ɗaya bayan ɗaya. Kowanne zai nuna tsakanin 0.3 da 0.6, kuma su yi kusa da juna. Ɗora ja a bakin DC mai alamar ɗebewa, ka taɓa R, S, T da baƙa, adadin ya zama irin na farko. In ka juya wayoyin, lambar za ta riƙa hawa har ta nuna a buɗe. Maimaita haka a U, V, W. Sifili ko ƙarar mita na nufin dayod ko IGBT ya haɗe, kada a sake ba ta wuta, kuma kada a canza fis a gwada. A buɗe ta kowane ɓangare na nufin ya yanke, sai dai wasu manyan inbatoci suna da tayirista a layin sama na shiga, waɗannan a buɗe suke nunawa ko da lafiyarsu ƙalau.

Wannan gwaji yana kama wanda ya haɗe ne kawai. In ya wuce, mayar da wutar shiga, ka bar moto a cire, ka sa ta a tsarin V/f, wanda bolt ke hawa tare da hez, ka tayar da ita zuwa hez 50. Idan ta yanke da OC ko GF babu moto, matsalar na ciki: IGBT, ko sashen da ke kunna shi, ko na'urar auna amfiya. Idan ta tafi, auna U da V, V da W, U da W. Mitar da ba ta da matacin VFD za ta ba da lambar da ba daidai ba saboda yankakkiyar wuta ce, amma abin da kake nema shi ne ukun su zo ɗaya. Daga nan gwada ta da ƙaramin moto mai lafiya. Wanda zai canza IGBT ya duba sashen da ke kunna shi ma, domin sukan mutu tare, sabon kuma zai fashe a kunnawar farko.

Ta kunnu, babu lamba, amma moto bai tashi ba

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Mayar da umarni zuwa maɓallan gaba ka tayar daga nan. In ta tashi, matsalar na wayoyin sarrafawa. Auna bolt 24 na katin. Idan ya faɗi, cire wayoyin waje ka sake aunawa, in ya dawo akwai haɗewa a waje. Duba maɓallin tsayawar gaggawa da bakin STO, kariyar da ke katse wa moto wuta, wanda idan 'yar wayar da ke haɗa shi ta cire inbata ba za ta fitar da komai ba. A maɓallin murɗa gudu ya kamata ka sami bolt 10 a gefe biyu, na tsakiya kuma ya hau daga sifili zuwa 10 ba tsalle. A siginar miliamfiya 4 zuwa 20, 12 rabin gudu ne, ƙasa da 4 waya ta yanke. Gudun da ke hawa da sauka da kansa yawanci wayar sigina ce aka kwantar tare da ta moto. A raba su da santimita 20 zuwa 30, a yi amfani da waya mai rigar ƙarfe. Ka duba ramin atin ma, domin a rani ƙasa tana bushewa har ya daina aiki, sai an riƙa ba shi ruwa.

Kada ka mayar da inbata saitin kamfani sai ka kwafe duk saitin da ke ciki a takarda, ka manna kwafi a cikin ƙofar fanel. Bayan gyara, ko bayan an dawo da moto daga rewayin, a sake shigar da bayanan faranti a yi mata gwajin sanin moto da kanta, sannan a tayar babu kaya a hez 10 a duba juyi, a hau 25, a hau 50 ana kallon amfiya. Moto babu kaya yakan ja kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na amfiyar farantinsa. Sai a mayar da bel, a zuba kaya kaɗan-kaɗan, a tsaya a kai aƙalla awa ɗaya ana rubuta amfiya, DC da zafi.

Inbatar da ta yi fiye da shekara a ajiye, ko ta injin da aka rufe tun kakar bara, kada a ɗora mata kaya ranar da aka buɗe. Kafasitanta suna rauni idan sun daɗe babu wuta. A hure ƙura, a duba ɓarnar ɓera, a yi wa moto mega, sannan a ba ta wuta moto na tsaye na awa ɗaya. Wadda ta wuce shekara biyu, littafinta zai nuna yadda ake ɗaga mata bolt mataki-mataki kafin a ba ta cikakken layi.